Ga masu aiki da iyali da ke buga wasan bidiyo na faɗa, Street Fighter 6

Salamu alaikum 'yan uwa. Mu da ba ma samun riƙe pad sai bayan isha'i, in yara sun kwanta, mu rage ɓata dare wajen haddace dogon kwambo, wato jerin duka a jere. Wata biyu na yi ina wannan da Ken, ɗaya daga cikin mayaƙan wasan, amma duk wanda ya yi tsalle a kaina yake sauka.

Abin da ya gyara ni minti 15 ne a ɗakin atisaye kafin in hau intanet. Ka naɗa wa abokin karawar da na'ura ke sarrafawa motsi uku: tsalle, Drive Impact (wani duka mai ƙarfi da ke jure bugu), da tafiya kawai, ka bar su suna fitowa ba tsari. In ya yi tsalle, durƙusa ka kai naushi mai ƙarfi in da Ken kake bugawa. Ba sai Shoryuken ba, wato naushin tashi sama na musamman, yatsun ba na da ba ne. In ya taho da Drive Impact, mayar masa da naka. Firam 26 (hotunan da ke wucewa a allo) yake ɗauka kafin ya sauka, wasan kuwa firam 60 ne a daƙiƙa, kusan rabin daƙiƙa ke nan. Ido yana kamawa in ya saba.

Sannan ka ja waya daga rauta zuwa na'urar, Wi-Fi na sa wasa sarƙewa.