Yadda za ka rubuta shirin farko na kwamfuta: lissafin mwayen ɗinka

Ina koyar da lissafi a wata lise a nan Tawa, kuma ranar Laraba da marece nakan zauna da ƴan sagwand da masu shirin BAK mu koyi Python, wani harshe na rubuta shirin kwamfuta. Kwamfuta huɗu gare mu, ɗalibai sun fi ashirin, ga kuran da ke tafiya lokacin zafi ba sallama. Wannan ne ya sa na kafa doka: wanda bai nuna mini aikinsa a kaye ba, ba ya taɓa na'ura.

Aikin da nake fara ba su shi ne lissafin mwayen, domin babu ɗalibin da bai san zafinsa ba. Ɗauki bik, ka rubuta matakan da Hausa kamar kana yi wa ƙanenka bayani. A karɓi maki, a karɓi kwafisiyan, a ninka su, a tara. A ƙarshe a raba jimlar da jimlar kwafisiyan. Wannan jerin matakai shi ake kira algoritim, kalmar da ta samo asali daga sunan Al-Kawarizmi, masanin lissafin da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. Yara kan ji daɗi in na faɗa musu haka.

Kafin ka buga komai, gwada da hannu. Mu ce ka sami 12 a lissafi da kwafisiyan 4, da 9 a Faransanci da kwafisiyan 2. Wato 48 da 18, sun zama 66, a raba da 6, ya ba da 11. Rubuta 11 ɗin nan a gefen takarda ka zagaye shi. Duk abin da kwamfuta ta fitar in ba 11 ba, shirinka ne ke da matsala.

Sannan a koma na'ura. In ba ka da kwamfuta a gida, manhajar Pydroid 3 ta rubuta Python tana aiki a wayar Android, kuma da zarar ka sauke ta ba ta buƙatar intanet don irin wannan aiki. Bugu a waya akwai gajiya, amma ya fi jiran layi.

Kalmomi kaɗan kake buƙata: input don karɓar abin da mutum ya buga, float don mayar da shi lamba, for don maimaitawa a kan kowane darasi, if don duba ko an kai 10, sai print don nuna sakamako. A float ɗin nan ne yawancinsu ke tuntuɓe. Abin da input ya karɓo rubutu ne, ba lamba ba, shi ya sa in ka haɗa "2" da "3" sai ya ba ka 23. Wata yarinya ta taɓa kirana da murna, "Mushe, zo ka ga makina!" Na leƙa na tarar da mwayen ɗin da ya wuce ɗari, alhali a kan 20 ake ba da maki.

Akwai tarkon da ya fi kama mu nan Nijar. Mu a lakwal da waƙafi muka saba rubuta goma sha biyu da rabi, 12,5, irin na Faransanci. Python ɗigo ya sani, 12.5. In ka ba float mai waƙafi zai tsaya ya nuna kuskure, wannan ma da sauƙi. Wanda ya fi muni shi ne ka rubuta 12,5 kai tsaye cikin shirin: ba zai yi ƙorafi nan take ba, zai ɗauke shi lambobi biyu ne, 12 da 5, sai can gaba abin ya rikice. Ni kaina na ɓata yini guda a kan wannan sa'ad da nake koyo, ina ta zargin kwamfutar.

Kula kuma da tazarar farkon layi. Duk abin da ke ƙarƙashin for ko if sai an tura shi ciki, al'ada gurbi huɗu, kuma su daidaita. Alamar = ɗaya ajiye ƙima take yi, biyu a jere su ke tambayar ko abu biyu daidai suke.

In jan rubutu na saƙon kuskure ya fito, kada ka rufe. Karanta layin ƙarshe, shi ke faɗin irin kuskuren, layukan da ke samansa kuma su nuna lambar layin. Turancin ba yawa gare shi ba, kalmomi ne ƙalilan ke ta dawowa. Buɗe musu shafi a bayan kaye ka riƙa rubuta ma'anarsu.

Idan 11 ta fito, ɗauko buletin ɗinka na bara ka zuba dukkan darussan, ka kwatanta da abin da aka rubuta maka. Daga nan ka miƙa wa abokinka ya yi ƙoƙarin lalata shirin: ya buga 25, ya buga sunansa a gurbin maki, ya sa kwafisiyan duka sifili ya ga yadda rabawa da sifili ke tsayar da komai. Gyaran waɗannan ukun shi ne aikin Laraba mai zuwa, kuma a kaye nake son fara ganinsa.