Yadda Manomi Zai Miƙa Gona ga Magadansa Tun Yana da Rai

Manoma na tsufa a ƙasashe da yawa na duniya. Ƙidayar harkokin noma da aka yi a Amurka a shekarar 2022 ta nuna cewa matsakaicin shekarun manomi ya kai 58, a Japan kuwa ya haura 67 tun a 2020, sannan a ƙasashen Tarayyar Turai, bisa ƙidayar 2020, kusan ɗaya cikin uku na masu tafiyar da gonaki sun kai shekara 65 ko sun wuce, alhali waɗanda ba su kai 40 ba kusan kashi 12 cikin 100 ne kawai. Ma'anar wannan ita ce gonaki masu yawa za su canja hannu nan ba da daɗewa ba, kuma da yawa daga cikinsu za su canja hannun ne a ranar makoki, lokacin da babu wanda ke da natsuwar yin tunani. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka manomin da ke son gonarsa ta ci gaba da rayuwa bayan ya ajiye fartanya sai ya fara shiri tun yana da sauran ƙarfi, shekara biyar zuwa goma kafin lokacin da yake ganin zai huta.

Abu na farko da ya kamata mai gona ya gane shi ne, abubuwa uku yake miƙawa, kuma kowanne da lokacinsa. Akwai aikin ƙarfi, akwai ikon yanke shawara, akwai mallakar ƙasa da kayan aiki. Aikin ƙarfi yana da sauƙin bayarwa, domin jiki da kansa ne ke tilasta hakan. Mallaka kuma takarda ce da sa hannu. Inda ake samun cikas shi ne na tsakiyar, wato uba ya yarda ɗansa ya yanke shawarar abin da za a shuka, da lokacin da za a sayar da amfanin gona, da bashin da za a ci ko a ƙi ci. Sau da yawa za ka tarar da magaji ya kai shekara arba'in da biyar yana huɗa yana girbi, amma bai taɓa ganin littafin lissafin gonar ba, bai san nawa ake bin su ba, bai taɓa zama da mai sayen kayansu sun yi ciniki ba. Irin wannan magajin, ranar da aka damƙa masa gona an damƙa masa abin da bai sani ba ne, duk da cewa a cikinta ya girma.

Kafin komai, mai gona ya zauna da matarsa su lissafa abin da za su ci bayan ritaya. Wannan mataki ne da mutane ke tsallakewa saboda kunya, amma shi ne tushe. Yawancin manoma dukiyarsu a ƙasa take da dabbobi da injuna, kuɗin hannu kaɗan ne, kuma da yawa ba su da fansho. Idan gonar ce za ta ci gaba da ciyar da tsofaffin, to dole a bincika ko za ta iya ɗaukar gida biyu. A duba kuɗin shiga na shekara uku zuwa biyar da suka wuce, har da shekarun da damina ta ƙi, a cire kuɗin iri da taki da ƙwadago da biyan bashi, a ga abin da ya rage. Idan lissafi ya nuna ba za ta iya ba, gara a sani tun yanzu, a nemi wata hanya kamar ba da hayar wani yanki ko ƙara wata sana'a a gefe.

Daga nan sai a tara iyali a yi magana a fili, har da 'ya'yan da suka bar gida suka kama wasu ayyuka, mata da maza. A tambayi kowa kai tsaye ko yana son noma, kada a ɗauka cewa babban ɗa ne zai gada don kawai shi ne babba. Wani lokaci ƙaramar 'ya ce ta fi kowa sanin gonar. Idan ana tsoron zaman zai rikice, a gayyato wanda kowa ke ganin girmansa kuma ba shi da rabo a cikin dukiyar, ya jagoranci tattaunawar, a kuma rubuta abin da aka amince da shi.

A wannan zaman ne tambaya mafi nauyi take tasowa, wato yadda za a yi wa 'ya'ya adalci ba tare da an daddatsa gonar ta zama ƙananan filayen da babu wanda zai rayu da su ba. Ƙasashe sun daɗe suna fama da wannan. Dokar farar hula ta Faransa ta 1804 ta ware wa kowane ɗa rabon da ba za a hana shi ba, abin da ya taimaka wajen rarraba filaye, har daga baya aka ƙara tanadin da ke ba wanda ke noma gonar damar riƙe ta gaba ɗaya ya biya 'yan'uwansa. A 1939 Faransa ta kuma amince cewa ɗan da ya yi wa iyayensa aiki a gona ba tare da albashi ba yana bin gādon bashin ladan aikinsa, a fitar masa kafin a raba. A wasu jihohin arewa maso yammacin Jamus kuwa, doka ta musamman ta ba magaji ɗaya gonar, sauran a sallame su da kuɗi. A shari'ar Musulunci rabon kowane magaji ƙayyadadde ne, wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yi wa magaji wasiyya sai da yardar sauran magada. Saboda haka mai gona ya fara sanin dokar da ta hau kansa, ya tuntuɓi lauya ko malamin da ya san ilimin gādo, kafin ya yi wa kowa alkawari.

A ganina darasin da ya fi amfani a cikin waɗannan tsare-tsare shi ne raba mallaka da noma. 'Yan'uwa za su iya mallakar ƙasar tare, kowa da kasonsa a rubuce, amma mutum ɗaya ya noma ta yana biyan sauran haya da aka yanke tun farko. Ana iya kuma ba shi damar sayen kason 'yan'uwansa sannu a hankali cikin shekaru, da sharaɗin cewa duk wanda zai sayar da nasa sai ya fara yi wa na cikin gida tayi. Gumin da magaji ya zuba shi ma a lissafa shi. Idan shi ya haƙa rijiyar ban ruwa ko ya gina rumbu da kuɗinsa, a rubuta tun a lokacin, domin bayan shekara ashirin kowa zai tuna abin yadda ya fi masa daɗi.

Miƙa iko kuma a yi shi mataki-mataki. A shekarar farko a ware wa magaji wani fili ko wani garke ya tafiyar da shi da kansa, riba tasa, asara tasa. Idan ya yi kuskure, uba ya danne zuciyarsa ya bar shi ya gani, matuƙar kuskuren ba zai durƙusar da gonar ba. Ai shi ma da kurakurai ya koya, ko da ya manta. Bayan haka a sa shi cikin sayen kayan aiki da cinikin amfanin gona, a gabatar da shi ga banki da dillalai da ma'aikata a matsayin wanda maganarsa ke da nauyi. Littafin lissafi da asusun banki su biyo baya. Injuna da dabbobi za a iya sayar masa ko a ba shi haya kafin a taɓa ƙasa, domin su ne ke lalacewa ko tsufa, kuma wanda ke amfani da su ya fi cancanta ya ɗauki nauyinsu.

Ƙasa ita ce ta ƙarshe, kuma kada a sake ta sai an tabbatar wa tsofaffin matsuguni da abin rayuwa a rubuce. Manoman Jamus da Austriya sun daɗe da irin wannan yarjejeniya, inda ake rubuta haƙƙin tsohon manomi na zama a gidan gona da samun abin masarufi har ƙarshen ransa. Rubuta irin wannan ba zargin ɗa ba ne. Ɗa na iya rasuwa kafin uba, aurensa na iya mutuwa, masu bin bashi na iya zuwa, kuma a duk waɗannan halaye takarda ce kaɗai za ta kare uwa da uba. A tabbatar kuma an gyara takardun mallakar fili, an fitar da iyakoki, an bayyana duk wata jingina, an kuma tambayi akawu game da harajin kyauta ko na gādo, domin a wasu ƙasashen lokacin da aka miƙa dukiya yana canja yawan abin da za a biya.

Idan kuwa babu ko ɗaya cikin 'ya'ya da ke son noma, kada a tilasta. Ana iya ba wani matashin manomi hayar gonar ta dogon lokaci, ko a yi tarayya da shi a raba amfani, ƙasar ta ci gaba da zama ta iyali har jikoki su taso su yanke nasu hukuncin. Kowane tsari aka zaɓa, a riƙa sake duba shi duk bayan shekara biyu ko uku, ko kuma duk lokacin da aka yi haihuwa, aure, rasuwa ko babban bashi a cikin iyalin.