Tan miliyan 600 ko tan miliyan 4? Kurakuran da aka fi yi kan haidirojin ɗin rana

Shekara da shekaru ina gyara kuskure iri ɗaya a takardun ɗalibai game da yadda rana ke cinye haidirojin ɗinta, har alƙalamina ya gaji. Abin da ya fi damuna shi ne sababbin malamai ma suna maimaitawa. Bari in tara su wuri guda.

Uwa-uba shi ne cuɗa lambobi biyu. A kowane sakan, rana tana mayar da kimanin tan miliyan 600 na haidirojin zuwa hiliyam. Wannan haka yake. Amma sai ka ga an rubuta wai nauyin rana yana raguwa da tan miliyan 600 a sakan. Ina! Kusan tan miliyan 596 suna nan daram a cikinta, kama kawai suka sauya suka koma hiliyam. Abin da ya bar ta ya zama haske da zafi, tan miliyan 4 ne da 'yan kai, wato kashi 0.7 cikin 100.

Wannan kuskuren ni ma ya ci ni, kuma har yau in na tuna raina sai ya ɓaci. A shekarata ta farko ta koyarwa na rubuta shi a allo, aji guda suka kwafa. Da jarrabawa ta zo aka ce su lissafa makamashin da rana ke fitarwa da ƙa'idar Einstein ta 1905, wadda ke mayar da nauyi makamashi. Suka saka 600 a gurbin 4, amsarsu ta ninka ta gaskiya kusan sau 140. Duk suka rasa makin tambayar. Bayan sakamako ya fito, wani yaro mai ƙoƙari ya same ni da littafinsa, ya buɗe shafin, ya ɗora yatsa a kan layin, ga jan birona a gefe inda na yi masa maki. Ya ce, "Malam, ai haka ka koya mana." Ban sami abin cewa ba. Washegari na tsaya gaban ajin na ba su haƙuri, amma makin ya riga ya tafi.

Tun daga ranar ba na barin kowa ya rubuta 600 ita kaɗai. Sai ya ja kibiya biyu daga jikinta, ɗaya ta nufi 596 a rubuta "hiliyam", ɗaya ta nufi 4 a rubuta "makamashi". Sannan in sa ya faɗi dalili da bakinsa: ƙwayoyin haidirojin huɗu sun ɗara ƙwayar hiliyam ɗaya nauyi da ɗan kaɗan. Masanin kimiyya Francis Aston ne ya auna wannan ratar a Ingila a 1920, a shekarar kuma masanin taurari Arthur Eddington ya ce ita ce ke kunna taurari. Masanin kimiyya Hans Bethe ya zo a 1939 ya warware yadda abin ke gudana mataki-mataki.

Na biyu, don Allah ku daina cewa rana tana "ci da wuta". Wuta sai da iskar oksijin, kuma da a ce rana dunƙulen gawayi ce mai ci, da 'yan dubban shekaru sun ishe ta ta zama toka. Ga ta kuwa da shekara biliyan 4.6. Abin da ke faruwa haɗewar ƙwayoyin zarra ne, kuma a cibiyarta kaɗai, inda zafi ya kai digiri miliyan 15 ga matsi mai tsanani. Kalmar wuta ce ke sa ku ɗauka abin guje-guje ne. Ba ku tsayawa ku yi tunani, kun ji miliyan 600 kun ruɗe! Rana a hankali take cin abinta. Furoton guda, wato ƙwayar haidirojin, a cibiyar yana iya shafe biliyoyin shekaru yana karo da 'yan'uwansa kafin ya dace ya haɗe da wani. Ku yanko wuri mai mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi daga can tsakiya, abin da yake bayarwa bai kai wat 300 ba. Jikin ɗan Adam, in aka gwada girma da girma, ya fi shi fitar da zafi. Girman rana ne ya tara wannan ƙanƙanin abu ya zama mai yawa, don nauyinta ya ninka na duniya kimanin sau 333,000.

Akwai kuma masu ɗaukar dukan haidirojin ɗin rana su raba da 600, su fito da sama da shekara biliyan 70. Rabon daidai ne, tunanin ne ya karkace. Wanda ke nesa da cibiya ba ya samun zafin da zai haɗe, don haka kusan kashi ɗaya cikin goma ne kawai zai shiga aiki a wannan zangon na rayuwarta. Saura kimanin shekara biliyan 5 haidirojin ɗin cibiyar ya ƙare.

Sauran ƙanana ne. Wasu in sun ga "daƙiƙa" sai su ɗauka minti ake nufi, shi ya sa nake rubuta sakan. Wasu suna zubar da sifiri uku tsakanin miliyan da biliyan, ni kuwa sai na sa a ƙirga su da baki. Wasu suna cuɗa aikin rana da na tashoshin lantarki na nukiliya, alhali can fasa ƙwayar yuraniyam ake yi, nan kuwa haɗawa. Sai masu zaton rana tana dusashewa tunda haidirojin na raguwa. Akasin haka ne: hiliyam na taruwa, cibiya na ƙara matsewa da zafi, haɗewar na ƙara sauri, har haskenta a yau ya fi na farkon rayuwarta da wajen kashi 30 zuwa 40 cikin 100.