Yadda ake aiki da bariyo in za ka tashi da lema

Duk wanda ya taɓa tsayawa da rana tsaka ya kalli shirwa tana zagaye a sama, ba ta kaɗa fiffike amma sai ƙara hawa take, to ya ga abin da masu tashi sama da lema daga kan dutse ke nema. Iska ce mai ɗumi da ke tasowa daga ƙasar da rana ta gasa. Ita shirwa a jikinta take jin ta, mu kuwa da zarar mun yi nisa da dutse ido ba ya gane ko hawa muke ko sauka, shi ya sa muke ɗaura 'yar na'urar nan da ake ce wa bariyo. 'Yan uwanmu na Gana da suka taɓa zuwa bikin tashi na Kwahu lokacin Ista, wanda aka fara a 2005, sun san wannan ƙarar ta "fit fit fit" da ke fita daga jikin matuƙi, to ita ce.

Nauyin iska take aunawa. Kusa da ƙasa duk mita 8 da ka hau nauyin na raguwa da kusan hektofaskal 1 (ma'aunin nauyin iska ke nan), sai ta lissafa maka mita nawa kake hawa ko sauka a sakan ɗaya. Akwai na Flymaster da Skytraxx da Syride, wasu kuma ƙarama suke saya su haɗa da waya ta manhajar XCTrack, duk aikin ɗaya ne.

Saiti a ƙasa ake gama shi, ba a sama ba. Ka yi caji ya cika tun da dare don sanyin sama na cinye batir da wuri. In ka isa wurin tashi ka kunna ta kafin ka shimfiɗa lema, ka bar GPS ya kama, sannan ka duba tsawon da take nunawa ya yi daidai da na wurin. Ni a Annecy ta Faransa na koya, wurin tashi na Forclaz kusan mita 1,250 ne, amma in ka bar saitin jiya sai ka ga ta nuna wani abu daban saboda yanayi ya canja, bambancin hektofaskal 5 kawai mita 40 ke nan, kuma akwai wuraren da aka yi wa iyakar tsawo saboda hanyar jiragen sama ce, mita 40 ɗin nan sun isa su saka ka inda bai kamata ba.

Sai sauti, wanda a ganina shi ne zuciyar abin. Lema ko a iska mai kwanciya sauka take kusan mita 1 a sakan, don haka in ka ga bariyo ta nuna 0 kada ka raina, kana cikin iska mai ɗagawa ke nan, ka tsaya ka lalubo. Ka sa ƙarar hawa ta fara daga 0.1 ko 0.2, ƙarar sauka kuma kada ta fara sai ka kai 2 ko 2.5, in ba haka ba kuka za ta yi ta yi maka tun daga tashi har sauka har ka daina jin ta. Matsakaicin hawa ka sa shi sakan 15 zuwa 20, kusan zagaye ɗaya ke nan, shi ke faɗa maka gaskiyar ko zagayen na biya.

Mai lema a cinya yake ɗaura ta ko a 'yar jakar da ke gaban kujera, mai fiffiken ƙarfe kuma, wato wanda ke tashi a rataye ƙarƙashin fiffike mai bututun ƙarfe maimakon lema, a jikin bututun gefe inda zai gani yana kwance. Ko ina ka sa, ka ƙulla mata igiya.

To an tashi, ta fara ƙara. Kada ka juya nan take, ka ƙirga uku ko huɗu ka shiga ciki sosai, ka lura da ɓangaren da lema ta ɗago, can iskar take. Ka waiga ka duba kafin ka karya kwana, in akwai wanda ya riga ka zagaye, ɓangaren da yake bi za ka bi. Ƙara na ƙaruwa ka ɗan miƙe, ta fara raguwa ka matse kwana ka koma. Kuma ka sani na'urar na ɗan makara kamar sakan ɗaya, kujera ce ke fara tura ka daga ƙasa kafin ƙarar ta zo, duk da sababbi irin XC Tracer sun rage wannan da abin auna motsi.

A nan na taɓa yin kuskuren da har yau nake tunawa. Idona na kan allo ina kallon 2.8 ta koma 3.1, ina ɗagowa sai ga jar lema gabana kusa har ina ganin takalmin mutumin. Da muka sauka malamina bai yi faɗa ba, salatif ya ɗauko ya liƙe allon, ya ce "kunne gare ka, ka yi aiki da shi, ido na hanya ne." Tashi biyar na yi a haka kuma wallahi a nan na koyi zagaye.

Lambar da nake so ka riƙa leƙawa ita ce gudunka in an auna shi da ƙasar da ke ƙarƙashinka. Lema na tafiya wajen kilomita 36 zuwa 38 a awa in ka saki birki, in ka fuskanci iska ka ga 15 to iskar ta haura 20, in ka ga 5 ko ƙasa da haka ka taka abin ƙara gudu ka fita gaban dutse tun kafin ta kai ka baya. A filin sauka na Doussard da ke kusa da tafkin Annecy, iskar tafki kan yi ƙarfi da yamma, wannan lambar ce ke fara sanar da kai, amma wajen sauka tutar iska da ke filin ita za ka bi. Haka in ka kusa gindin gajimare ƙara ta ƙi tsayawa ko ina ka juya, ka bar wurin da sauran tazara.

Bayan ka sauka kada ka kashe sai ta rufe fayil ɗin tafiyar, IGC ake ce masa, da dare ka buɗe shi a XContest, shafin intanet da matuƙa ke ɗora tafiyarsu, ka kwatanta da na waɗanda suka tashi tare da kai, za ka ga daidai inda ka fita daga iskar su kuma suka ƙara zagaye biyu.