Kafin ka biya kuɗin ƙaramar motar dizal ta hannu, ga abin da za ka duba

Duk wanda ya zo min da maganar zai sayi ƙaramar mota mai shan dizal sakan han, ba na fara tambayarsa wace mota ce ko wace kala yake so. Tambayata ta farko ita ce a rana kilomita nawa kake yi, kuma a kan wace irin hanya? Domin gaskiya amsar nan ita ce rabin cinikin. In zirga-zirgarka ba ta wuce daga gida zuwa wajen aiki ba, minti goma ka kashe mota, da yamma ka dawo cikin go-silo, to ɗan'uwa ka haƙura da dizal ka nemi ta fetur. Injin dizal so yake ya ɗauki zafi ya miƙe hanya, a nan ne ake cin moriyarsa. Ƙananan nan masu inji 1.4 zuwa 1.6 irin su Polo, Clio, Fiesta, Yaris ko Peugeot 207 suna iya cin kilomita 100 da lita 4 zuwa 5 a babbar hanya, kuma in ana kula da su suna da jimiri sosai.

Dalilin da ya sa nake nacewa a kan wannan shi ne wata matata da ke jikin salansa, ana ce mata DPF. Aikinta ta kama baƙin tokar hayaƙi kada ta fita waje. Tun da dokar rage hayaƙin mota ta Euro 5 ta fara aiki a Turai a 2009 kusan duk motar dizal da aka ƙera don can tana da ita. To matatar nan cika take yi, kuma motar da kanta take ƙone abin da ya taru, tana ƙara fesa mai har zafin wajen ya kai kusan digiri 600, amma fa sai ana tafiya a miƙe kamar minti 15 zuwa 20 ba tsayawa. Mai gajeruwar tafiya kullum katse mata wannan aikin yake yi bai sani ba, ta fara ƙonawa ya kashe, gobe ta sake farawa ya sake kashewa, wata rana sai wuta ta kama a dashbod mota ta daina ja. Abin da ya fi damuna ma shi ne wannan ƙarin man da take fesawa wani yana zurarewa ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi. Shi ya sa ina son ka san irin rayuwar da motar ta yi a hannun mai ita na baya, ba lambar mileji kawai ba. Motar da ta yi kilomita 180,000 a doguwar hanya sau da yawa ta fi wadda ta yi 80,000 cikin lunguna lafiya.

Yanzu ranar zuwa dubawa. Ka gaya wa mai motar tun kafin ka zo cewa dan Allah kada ya tayar da ita, kana son ka same ta da sanyinta, in da hali da safe. Kana zuwa ka buɗe bonet ka ɗora hannu a kan inji. In ka ji ɗumi an riga an tayar da ita, ka ce za ka dawo gobe, ba rashin kunya ba ne. Injin dizal mai matsala da sanyi yake tona kansa, da zarar ya yi zafi sai ya ɓoye.

Kafin kik, zaro sandar auna baƙin mai. Kada baƙinsa ya tsorata ka, man injin dizal yana yin baƙi ko da kwanan nan aka juye, wannan ba komai ba ne. Abin dubawa shi ne ya wuce layin sama? Yana warin dizal? Ya tsinke kamar ruwa? In eh, to ga alamar abin da na faɗa ɗazu. Sannan ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka ga duk fitilun dashbod sun kama, har da ta inji da wata mai kama da nannaɗaɗɗiyar waya wadda ita ce ta hita fulogi, abin da ke ɗumama inji don ya tashi da sanyi. Ka tabbatar sun kama ɗin, don akwai masu cire ƙwan ko su rufe shi ta ciki. Lafiyayyar mota kik ɗaya take tashi, ta ɗan yi ƙara na 'yan daƙiƙu sannan silo ɗinta ya daidaita. In sai an yi ta ja, ko ta tashi tana karkarwa, yana iya zama hita fulogi ne wanda gyaransa da sauƙi, yana kuma iya zama nozul, wato masu fesa dizal cikin inji, ko kwamfireshan, wato matsin da ke cikin inji, ya yi ƙasa, waɗannan kam ba ƙaramin aiki ba ne.

Ka sa wani ya taka totur kai kuma ka tsaya a baya kana kallon salansa. Ɗan farin tururi da safe wanda yake ɓacewa ba laifi. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa, ko dai mai ne ba ya ƙonewa ko ruwa yana shiga inji ta gasket. Shuɗi yana nufin tana cin baƙin mai, galibi daga turbo, na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji, ko ringin fistin. Baƙi kuma mai ya yi yawa iska ta yi kaɗan. Amma ga wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi, motar da ke da DPF mai aiki bai kamata ta yi baƙin hayaƙi ba sam. In inji ya huce ka sa yatsa cikin bakin salansa, in ya fito baƙi ƙirin a motar da aka ƙera bayan 2010 to akwai yiwuwar an fasa matatar an kwashe cikinta, an kuma taɓa kwamfutar motar don kada ta nuna. Leƙa ƙasa ka ga ko akwai sabon walda a jikin tukunyar. A Birtaniya tun 2014 motar da aka cire mata DPF ba ta cin gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, ƙasashe da dama ma haka. Ni dai ba na son irin wannan motar, don wanda ya zaɓi ya fasa maimakon ya gyara, ban san me kuma ya yi wa sauran wuraren ba.

Inji yana silo, kwance murfin zuba baƙin mai ka ɗora shi a bakin ba tare da ka ɗaure ba. In yana ɗan rawa a wajen ba damuwa. In iska tana cilla shi hayaƙi na bulbulowa, inji ya gaji, ka kama hanyarka. Duba cikin murfin kuma, in akwai wani abu fari-fari mai kauri ruwa ya haɗu da mai.

Sai nozul, kuma nan ne kuɗi suke tafiya a motar dizal ta zamani. Man yana shiga da matsi mai ban tsoro, 1,600 zuwa 2,000 a ma'aunin matsi na bar, saboda haka ko da wasa kada ka kai hannu kusa da bututun da kake zargin yana yoyo inji na aiki, yana iya huda fata. Ka sa a cire murfin roba na saman inji. In ka ga wani baƙin abu ya daskare a gindin nozul kamar kwalta, ko kana jin ƙara cuf cuf cuf da warin hayaƙi, wosha ɗin nozul ya saki. Injin 1.6 HDi na Peugeot da Citroën, wanda shi ne dai Ford ta sa wa suna TDCi, an san shi da wannan, kuma in aka bar shi dattin yana gurɓata baƙin mai har ya toshe siririn bututun da ke kai wa turbo mai, turbo ya mutu, a sa sabo shi ma ya bi shi in ba a wanke hanyar ba. Inji ne mai kyau wallahi, amma na wanda ke juye mai a kan lokaci. In mai mota ya ce an canza turbo, tambaye shi an canza bututun man tare?

Tambayi tayimin kuma, wato bel ko sarƙar da ke daidaita motsin bawul da fistin. 1.5 dCi na Renault, HDi ɗin nan, da 1.6 TDI na Volkswagen duk bel suke amfani da shi, in ya tsinke bawul da fistin suna karo inji ya tashi aiki. Yaris 1.4 D-4D da 1.3 Multijet na Fiat, wanda ke cikin Opel Corsa ma, sarƙa ce, ita kuma saurarenta ake yi da sanyi ko tana kwaramniya. In babu rasit da ya nuna yaushe aka canza bel, ka ɗauka ba a canza ba, ka cire kuɗinsa da na famfon ruwan inji daga farashin.

Gwajin hanya kada ya gaza minti 20 zuwa 30, kuma dole a hau babbar hanya, zagaye layi ɗaya ba ya nuna komai. Kashe rediyo. Sa giya 4 ko 5 kana tafiya a hankali sai ka taka totur har ƙasa, in ƙarar inji ta hau amma gudu bai ƙaru ba kulochi ya ƙare. In kana jin kaf-kaf lokacin tayarwa da kashewa, ko feda tana karkarwa a ƙafarka, fulayiwil ne, wato faifan ƙarfen da kulochi ke kamawa, irin mai ɓari biyu da ke cikin wasu daga waɗannan motocin, kuma ana canza shi tare da kulochi ne, aikin da sai an sauke giyabos. Turbo mai lafiya ɗan siririn fito yake yi, in ya koma kuka kamar jiniya ya kusa. In kuma kana hawa tudu mota ta yanke ƙarfi gaba ɗaya sai an kashe an kunna ta dawo, kwamfuta ce ta ga matsala ta kare injin, sau da yawa EGR, bawul ɗin da ke mayar da wani ɓangaren hayaƙi cikin inji, shi ne ya cushe da toka, ko kuma turbo ne. Idonka na kan allurar zafi duk tsawon tafiyar.

Kun dawo, a sa mata kwamfuta, kuma bakanikenka ne zai sa ba na mai mota ba, wanda ya san dizal don ba kowane bakanike ne ya san shi ba. Ba lambobin matsala kawai za a karanta ba. A duba yawan tokar da ke cikin DPF, kilomita nawa tun ƙonawar ƙarshe, yadda kowane nozul yake gyara kansa a silo, da ko an goge lambobin kwanan nan. Wasu motocin suna ajiye mileji a wani sashe daban, a gwada shi da na dashbod.

In motar ta 2015 zuwa sama ce, wato Euro 6, wasu suna da ƙaramin tanki na AdBlue, wani ruwa da ake fesawa cikin salansa don rage gubar hayaƙi. In ya ƙare ko na'urar ta lalace mota tana fara ƙirga maka kilomita, ta kai sifili ta ƙi tashi. Ka tambaya. In kuma Volkswagen, Skoda, Seat ko Audi ce mai injin EA189, wanda badaƙalar hayaƙi ta 2015 ta shafa, motoci kusan miliyan 11, ka nemi sanin ko an kai ta an sabunta mata manhaja.

Akwai abu biyu da suka danganci inda kake zaune. Na farko ingancin mai. Waɗannan injinan an yi su ne don dizal mai ƙarancin sulfa, a Turai kashi 10 cikin miliyan, in man da ake samu a wajenku mai datti ne ko ana samun ruwa a ciki to nozul da DPF ba za su daɗe ba, gara tsohon inji marar tarkace irin 1.9 SDI ko TDI na farko-farko. Na biyu doka, wasu birane suna cajin tsofaffin motocin dizal, a Landan wadda ba ta kai Euro 6 ba sai ta biya kullum in ta shiga.

Sauran kuwa kamar kowace mota ne, lambar chasis mai harafi da lamba 17 ta yi daidai da ta takarda, tsatsa a ƙasa, alamar hatsari, tayoyi, birki, littafin sabis da rasit.

In komai ya yi ka biya, satin farko ka juye baƙin mai ko da an ce jiya aka yi, ka sa irin mai ƙarancin toka wanda littafin motar ya rubuta, za ka ga alamar ACEA C a jikin galan, don man da ba shi ba yana cika DPF da tokar da ba ta ƙonuwa. Canza filtar baƙin mai da ta dizal da ta iska, ka ce wa bakanike ya zazzage tsohuwar filtar dizal ɗin a farin ƙyalle a ga ko akwai ɓurɓushin ƙarfe mai ƙyalli, in akwai to famfon mai ya fara ci, a duba shi kafin ya aika wa nozul. Sannan ka cika tanki ka hau babbar hanya ka ba ta rabin awa a miƙe.