Kurakuran da sababbin jagororin tafiyar keke mai nisa suka fi yi

Na gaji da ganin sababbin jagororin ayarin masu keke suna faɗawa ramin da na taɓa faɗawa, shi ya sa zan fara da wanda ya fi ƙona mini rai.

Akwai jagoran da ya ɗauka cewa shugabanci shi ne zama a gaba tun daga tashi har sauka. Wanda ke gaba shi ne yake tare iska da ƙirjinsa, na bayansa kuwa yakan huta da kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe, wannan ne dalilin da ƙwararru suke yin karɓa-karɓa. Ni girman kai ya hana ni. Na taɓa jan mutum shida a tafiyar kilomita 200, irin wadda ake ba mutum sa'a 13 da rabi ya kammala, kuma duk wanda ya matso zai karɓe ni sai in ɗaga masa hannu ya koma. Wajen kilomita 140 ƙafafuna suka ƙi juya feda, na zauna a bakin hanya hannuna yana rawa har na kasa buɗe gorar ruwa. Ƙaramin cikinmu, wanda na hana shi gaba tun safe, shi ya ja mu har ƙarshe ina liƙe da tayarsa ta baya. Tun daga ranar ba na wuce minti biyar a gaba, sai in kauce gefe in koma can ƙarshen layi.

A can ƙarshen layin ne na gano kuskure na biyu, wato auna gudu da ƙarfin wanda ya fi kowa. Mai rauni ba ya faɗa da bakinsa. Idan ka tambaye shi zai ce maka lafiya lau, alhali kafaɗunsa suna rangaji, ya daina cin abin da ke aljihunsa, tazarar da ke tsakaninsa da na gabansa kuma tana ƙaruwa. Kai da kake tsere wa jama'a a kan tudu, ka tsaya a sama kana hutawa, sannan da zarar na ƙarshe ya iso yana haki ka ce a tafi, ka sani cewa kai kaɗai ka huta, kuma zalunci ka yi masa. Ni nakan fara ƙidaya hutu ne daga lokacin da na ƙarshe ya sa ƙafa a ƙasa.

Amma kada hutun ya zama zaman hira. A tafiyar keke ta Paris zuwa Brest da dawowa a ƙasar Faransa, wadda aka fara a 1891, ana ba yawancin mahaya sa'a 90 su ci kilomita 1,200, kuma agogo ba ya tsayawa don mutum yana barci ko yana cin abinci. Ka faɗi lokacin tashi tun kafin kowa ya sauka daga sirdi.

Kada ka riƙe taswirar hanya a kanka kai kaɗai, domin ranar da ka gaza ayarin zai ɓace. Ka duba birki da sarƙar kowa da idonka tun daren jajibiri. Wanda kuma ya zo ba famfo ba kayan faci, nakan ba shi aron nawa sau ɗaya, a karo na biyu sai in bar shi ya nemi mai ba shi.