Matakan Shirya Gasar Ƙwallon Ƙafa Tsakanin Jihohin Arewa Maso Yamma

Da farko ku zauna da hukumomin ƙwallon jihohin bakwai, ku tsayar da magana: wa ya cancanci sa rigar jiha? Ɗan asalinta kaɗai, ko har da mazauninta? A ganina mazauni ma ya buga, amma kada wani ya wakilci jiha biyu. Ku rubuta, kowa ya sa hannu, don nan rigima take ɓullowa.

Sai shekaru. A duba takardar haihuwa da lambar NIN tun kafin a baro gida.

Daga nan a jefa ƙuri'a: rukuni ɗaya jihohi 4, ɗayan 3. Nasara maki 3, canjaras 1. Biyun farko na kowane rukuni su haye wasan kusa da na ƙarshe. Alƙalin wasa kuwa, kada ya fito daga jihohin da ke karawa.